Daga Tiga Zuwa Kwanar Gafan: Koyar da Kimiyyar Ƙasa da Tattalin Arziki ta Littafin Hotuna

Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Tun a shekarar 1658 wani malami mai suna Comenius ya wallafa littafin Orbis Pictus a Turai, wanda ya jera zane-zane tare da bayani don yara su gane duniyar da suke ciki. A ƙasar Hausa ma, R. M. East da Abubakar Imam sun rubuta Ikon Allah domin bayyana halittu da harshen gida. Sai dai har yanzu ɗalibai da yawa kan haddace darasin zagayen ruwa da na hawa da saukar farashi ba tare da sun ga alaƙarsu da rayuwarsu ba. A yankin Kadawa, wajen Kura da Bunkure, darussan nan biyu suna haɗuwa a cikin kwandon tumatir guda, kuma littafin hotuna mai shafi shida ya isa ya nuna hakan.

Tafiyar ruwa

Shafin farko zai nuna rana tana zafafa Tekun Atilantika, tururi yana tashi, iskar kudu maso yamma tana koro gajimare zuwa Arewa. Damina a Kano ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, sauran shekara kuwa rani ne. Shafi na biyu zai nuna ruwan sama yana gangarowa daga tsaunukan kudancin jihar zuwa Kogin Kano, har ya taru a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. A nan malami zai tambayi yara: me ya sa ruwan yake isa gonakin Kadawa ba tare da inji ya turo shi ba? Amsar tana cikin zanen, domin Tiga ta fi Kadawa tudu, shi kuwa ruwa gangare yake bi.

Shafi na uku zai yanka ƙasa gida biyu, a ga saiwar tumatir da ruwan da ke kwance a ƙarƙashinta. Idan manomi ya cika ban ruwa, kuma magudanai suka toshe, ruwan ƙasa yakan taso ya shaƙe saiwa. Idan rana ta busar da shi, sai ya bar gishiri a fuskar gona, amfani ya ragu. Wannan abu ne mai wuyar bayani da baki, amma zane ɗaya yakan warware shi.

Tafiyar kwando

Shafi na huɗu zai kai mai karatu kasuwar Kwanar Gafan, a ga kwanduna jere har bakin titi, da dillalai, da manyan motoci masu lodi zuwa Legas. Tumatir yana son sanyin hunturu, saboda haka manoma sukan shuka shi lokaci guda, ya nuna lokaci guda. Ga shi kuma ba ya jure ajiya. Kaya sun yi yawa, masu saye ba su ƙaru ba, dole farashi ya faɗi. Shafi na biyar zai nuna kasuwar nan da damina, kwanduna 'yan kaɗan, kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabo. Malami yana iya ƙarawa da labarin 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano, ya yi tsada a duk Nijeriya.

Shafin ƙarshe na zaɓi ne. Manomi zai sayar da ɗanye da arha, ko ya yanka ya shanya kauɗa ya jira kasuwa? Zai sake shuka tumatir baɗi, ko ya koma alkama ko albasa? Haka kuma ruwan da aka tare a Tiga ruwa ne da a da yake malala a fadamun Haɗeja da Nguru, inda masunta da makiyaya ke cin abinci. Ta haka yaro zai gane cewa duk abin da aka zaɓa, akwai wanda aka bari.

Yadda za a shirya littafin

Ba sai an jira kamfanin ɗab'i ba. Kwali da fensir mai launi sun wadatar. Ɗaliban sakandare su kasu rukuni shida, kowane rukuni ya ɗauki shafi guda, ya ziyarci gona ko kasuwa, ya zana abin da ya gani, ya rubuta jimla biyu kacal a ƙasa. Farashin da za a rubuta ya zama wanda suka tambayo da kansu, tare da kwanan wata. Daga nan su kai littafin makarantar firamare mafi kusa su karanta wa ƙannensu.

Kammalawa

Yawancin yaran Kadawa 'ya'yan manoma ne, kuma su ne za su gaji gonakin da magudanan. Wanda ya san inda ruwa ya fito da dalilin faɗuwar farashi zai fi iya tattalin ruwan, ya kuma san lokacin da ya dace ya kai kayansa kasuwa.