Me Ke Hana Manomi Barci?

Manomi a Kelle, cikin ƙasar Gure, ya wuni yana noman hatsi, ya gaji, amma dare ya raba idonsa biyu. Me ya jawo?

A gindin ƙwaƙwalwa akwai jijiyoyin da ke tsare mutum a farke, kamar mai gadi. Masana biyu, Moruzzi da Magoun, suka gano aikinsu a 1949. Gajiyar wuni ke kwantar da mai gadin nan. Goro da shayi kuwa suna ɗauke da kafeyin, mai hana shi jin gajiya. Bayan kamar awa 5, rabinsa na nan cikin jini. Tunanin bashi ma na tayar da shi.

Jama'a, a bar goro da shayi daga la'asar. In abin ya daɗe, a je gidan likita. Wanda bai yi barci ba, gobe hauya ta fi ƙarfinsa.