Gudun Labari: Yadda Hausa Ke Gina Sauri a Ƙagaggun Labaran Kimiyya

1.0 Gabatarwa

Akwai wani nau'in ƙagaggen labari wanda in mai karatu ya ɗauka ba ya iya ajiyewa sai ya ga ƙarshensa, ko da kuwa tuwo zai huce. Akan gina shi ne a kan wani abu na kimiyya ko fasaha, kamar ƙwayar cutar da ta kuɓuce daga ɗakin gwaji, ko na'urar da ta ƙi bin umarnin mai ita, sannan a ɗora masa tsere da lokaci: in ba a shawo kan abin kafin asuba ba, gari ya halaka. Masoya irin wannan labari sukan ce "littafin yana da sauri". Tambayar da ta shafi ɗalibin harshe ita ce, a ina saurin yake? Wannan takarda za ta nuna cewa mafi yawansa a cikin nahawu yake, kuma Hausa tana da kayan aikinsa tun kafin zuwan boko. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen kalmomin kimiyyar.

2.0 Asalin Sha'awar

Shekarar 1969 ta cancanci a riƙe ta. A watan Yulinta ne kumbo Apollo 11 ya kai mutane duniyar wata, abin da har Alhaji Mamman Shata ya yi wa waƙa. A shekarar ne Michael Crichton ya fitar da The Andromeda Strain a Amurka, labarin ƙwayar cutar da tauraron ɗan'adam ya kwaso daga sama, littafin da ake yawan kafa misali da shi in ana maganar wannan nau'i. A shekarar dai kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda wani baƙo daga sararin samaniya, Kolin Koliyo, ya ɗauki yaro Kilba suka tafi yawo. Ke nan Hausa ba ta makara ba wajen shiga wannan fage. Sai dai a nawa ganin zubin littafin Dembo ya fi kusa da na labaran tafiye-tafiye irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam (1934), inda ake tashi daga wannan abin mamaki a faɗa wancan, ba tare da agogo na bin tauraron labari a guje ba.

Ɗanɗanon saurin ya shigo ne ta wata ƙofar. A shekarun 1970 da 1980 'yan makarantun sakandare a Kano da Zariya da Sakkwato sun yi ta karɓa-karɓar littattafan James Hadley Chase da jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, wanda ya fara fitowa a 1977. A 1982 aka buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, labarin ta'addanci da makamai wanda ya nuna cewa Hausa ma tana iya hana mai karatu barci. A ƙasashen da ake karatu da Faransanci kuwa, irin su Nijar da Benin, an sami Chase a fassare, ga jerin SAS na Gérard de Villiers, ga kuma tsofaffin labaran Jules Verne. Hanya biyu, amma sha'awa ɗaya.

3.0 Nahawun Sauri

Domin misalanmu su sami wurin zama, bari mu ɗauki Malanville, garin da ke arewacin Benin a bakin kogin Kwara, yana kallon Gaya ta Nijar. Marubucin da ke neman fagen labari zai yi wuya ya sami wanda ya fi shi: ga gada, ga babbar kasuwa, ga manyan motoci masu ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ga bututun ɗanyen mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku wanda ya ratsa yankin, ga kuma rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, wanda ya mai da jama'a ga kwalekwale. Dendi ne harshen mafi yawan mutanen gari, Faransanci ne na makaranta, Hausa kuma tana da ƙarfi a ciniki. A dubi waɗannan sakin layi biyu da na ƙirƙira:

(a) Direban ya kasance yana tsaye a bakin gada yana jiran a buɗe hanya. A wannan lokaci ne ya lura cewa akwai wata fitila da take tafiya a sama wadda ba ta da ƙara. Saboda haka ya ji tsoro ƙwarai, kuma ya yanke shawarar cewa zai koma cikin motarsa.

(b) Direba na tsaye bakin gada, sai ga wata fitila a sama, ba ƙara. Ta tsaya cak. Ta yi ƙasa. Ya yi wuf ya faɗa mota, ya murɗa makulli, shiru. Ya sake murɗawa, shiru. Fitilar ta sauka kan tankar.

Abubuwan da suka faru a (b) sun fi na (a) yawa, amma ya fi saurin karantuwa. Babban dalili shi ne shuɗaɗɗen lokaci na biyu, wato jerin na, ka, kika, ya, ta, muka, kuka, suka, aka. Wannan shi ne lokacin ba da labari. Duk inda aka jera aikatau a cikinsa, mai sauraro yana fahimtar cewa ayyukan sun biyo juna ne ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an ce "bayan haka" ko "daga nan" ba. "Suka tashi, suka kwance jirgi, suka tsallaka" tafiya ce. "Sun tashi, sun kwance jirgi, sun tsallaka" kuwa rahoto ne na abin da aka riga aka gama. Wanda ya faɗe shi yana zaune ne a inuwa.

A nan akwai tarkon da ɗalibai ke yawan faɗawa. A daidaitacciyar Hausa, "ya" da "ta" na shuɗaɗɗe na ɗaya da na biyu iri ɗaya ake rubuta su, domin bambancinsu a tsawon wasali yake: na ɗaya dogo ne, na biyu gajere, rubutun yau da kullum kuma ba ya nuna tsawon wasali. Wanda ya saba da Hausar yamma, irin wadda ake ji daga Sakkwato da Kabi har zuwa Gaya da Malanville, ya fi ɗan Kano sa'a a nan, domin a karin harshensa bambancin a fili yake: "ya tafi" daban, "yat tafi" daban, "ta zo" daban, "taz zo" daban, a jam'i kuma "munka", "kunka", "sunka", "anka". Dabara mai sauƙi ga kowa ita ce a mai da jimlar jam'i. In "suka" ta zauna daidai, to "ya" ɗin na biyu ne, a karanta shi a gajarce.

Sai kalmar "sai". A (b) aikinta shi ne yanke aiki mai ci da wani sabon abu: mutum na tsaye, sai ga fitila. Da ita ake ƙulla "ko da ya waiga, sai...", da "yana buɗe ƙofa sai...", ginin da kowa ya sani tun daga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Amma gishiri ce. Marubucin da ya fara kowace jimla da ita ya kashe ta.

Na uku shi ne amsa-kama: cak, wuf, zumbur, fit, tsulum, caraf. Kalma guda tana ɗauke da abin da (a) ya ɓata ganga guda yana bayani. A lura kuma ba a ce direban ya ji tsoro ba a (b). "Shiru" sau biyu ta isar.

4.0 Inda Kimiyya Ke Taka Birki

Hausa takan sami kalmar kimiyya ta hanyar aro, kamar "kwamfuta" da "injin". Ko ta faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, kamar "jirgi" da ya tashi daga ruwa ya hau dogo ya kuma hau sama, da "kumbo" wanda asalinsa mazubi ne irin na ƙwarya. Ko kuma ta ƙirƙira mai bayyana abu, kamar "tauraron ɗan'adam", "makamin ƙare dangi", "ƙirƙirarriyar basira". Hanya ta uku ita malamai da gidajen rediyo suka fi so, kuma tana da kyau a aji. A tsakiyar gudu kuwa kaya ce. "Na'ura mai ƙwaƙwalwa" gaɓa bakwai ce, "kwamfuta" uku. "Jirgi marar matuƙi" ma bakwai ce. A sa ɗayansu a cikin (b) a ji yadda numfashin jimlar zai canza.

Mafita ita ce a gabatar da doguwar kalma tun da wuri, a wurin da labari ke tafiya a hankali, cikin lokaci mai ci ko lokaci sabau: yadda na'urar take, abin da takan yi, abin da ba ta iyawa. In gudu ya tashi sai a taƙaita, a ce "jirgin" ko "na'urar". Wannan bayani na farko ba ado ba ne, shi ne ya raba labarin kimiyya da na aljanu. Aljani yana iya yin komai a kowane lokaci, saboda haka mai karatu ba shi da abin lissafi, sai dai ya saki baki. Na'ura kuwa tana da iyaka: batir zai ƙare bayan minti 40, ko zafi zai narkar da waya. Da zarar mai karatu ya san iyakar, shi da kansa zai riƙa duba agogo. Marubutanmu da dama sukan fara da ɗakin gwaji, in labari ya cije musu sai su kira boka ya warware. Ban ƙi labarin boka ba, yana da masoyansa da ƙa'idojinsa, amma wanda ya yi wa mai karatu alkawarin kimiyya a shafi na 1 bashi ya ɗauka.

5.0 Aiki

A rubuta sakin layi biyu a kan tsallaka kogi da dare daga Malanville zuwa Gaya, da akwatin allurar rigakafi wanda ƙanƙararsa ke narkewa. A na farko a bayyana akwatin da iyakar lokacinsa, cikin lokaci mai ci da sabau. A na biyu a yi tsallakawar cikin shuɗaɗɗe na biyu, kada "sai" ta wuce sau biyu, kada kuma a ambaci kalmar "tsoro". Masu Hausar yamma su sake rubuta na biyun da karin harshensu, mu kwatanta a aji.