Hutun Golf A Sukotilan: Bakin Teku Ko Cikin Lambu?

Ku da kuka saba karanta angon da ya kwashi amarya sai Dubai ko Landan, yau ga wani irin hutu daban: ma'aurata su ɗauki jakar sanduna su yi mako guda a Sukotilan, a arewacin Birtaniya, suna bin filayen golf. Wasan dai ba wani abu ba ne illa buga ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa ramuka 18, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci.

Yawanci daga garin St Andrews ake farawa. Tsohon filinsa a bakin teku yake, rairayi ne da ciyawa ta lulluɓe, babu inuwar bishiya balle ki fake. Iska kuwa, hmm! Ki buga ƙwallo gabas ta kai miki ita kudu, shi ya sa gwanaye ke yin bugu ƙasa-ƙasa. Ga ramukan yashi sama da ɗari, ɗaya ma Ramin Jahannama suke ce masa. Kuma kuɗi kaɗai ba sa shigar da mutum. Baƙi da yawa sai sun shiga ƙuri'a kwana biyu kafin ranar wasa, su kuma nuna shaidar ba 'yan koyo ba ne. Ran Lahadi ana hutar da filin, jama'ar gari su fito shan iska da yaransu.

To amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne lamarin mata. Maƙiyan Sarauniya Mary sun zarge ta da buga golf a 1567, kwanaki kaɗan bayan an kashe mijinta, kun ji mai takaba! Ke nan mata sun daɗe da sanin sandar nan. Duk da haka babban kulob ɗin St Andrews, wanda aka kafa a 1754, bai yarda mace ta zama mamba ba sai 2014. Shekara 260 cur, kamar wadda za ta cinye musu ciyawa.

Daga nan sai a shiga mota, tafiyar kamar awa guda cikin ƙasa, zuwa Gleneagles. Nan kam duniya ce sabuwa: bishiyoyi, tafkuna, ciyawa luf-luf kamar darduma, ga otal da aka buɗe tun 1924. Iska ba ta kai ta teku ba, sai dai bishiya ta tare miki hanya ko ruwa ya haɗiye ƙwallo. Ni dai da za a ba ni zaɓi, nan zan fi daɗewa.

A nan ne a 2019 matan Turai suka kara da na Amurka a gasar Kofin Solheim. Bugun ƙarshe ya faɗo kan Suzann Pettersen 'yar Norway, wadda ba ta daɗe da dawowa daga haihuwa ba, har ana ta gunaguni kan zaɓenta. Ta nutsu, ta tura ƙwallo rami, Turai ta ci 14½ da 13½. A ranar ta ce ta ajiye sanda, ta ɗauki ɗanta.