Krak des Chevaliers

Krak des Chevaliers, wanda Larabawa ke kira Ƙal'atul Hisn, tsohon sansanin yaƙi ne da aka gina da duwatsu a kan wani tsauni mai tsayin kimanin mita 650 a yammacin ƙasar Siriya. Yana da nisan kusan kilomita 40 yamma da birnin Homs, kusa da iyakar Labanon. Yana daga cikin gine-ginen zamanin yaƙe-yaƙen Salibiyya da suka fi tsira daga rushewa.

Tarihi

An kafa sansanin farko a shekarar 1031, lokacin da sarkin Halab ya ajiye dakarun Kurdawa a wurin, abin da ya sa aka riƙa kiransa Hisnul Akrad. Muhimmancinsa shi ne yana tsare mashigin da ya haɗa Homs da gaɓar tekun Bahar Rum. A shekarar 1142, Raymond na Biyu, mai mulkin Tarabulus, ya miƙa shi ga mayaƙan Hospitaller, waɗanda suka sake gina shi, musamman bayan girgizar ƙasa ta 1170. A lokacin ƙarfinsa yana ɗaukar sojoji kusan 2,000.

A watan Afrilu na 1271, Sarki Baibars na daular Mamluk ya karɓe shi bayan ƙawanya ta kwana 36. Masana tarihi sun ruwaito cewa an aika wa masu tsaron wasiƙar jabu da sunan shugabansu, tana umartarsu da su miƙa wuya.

Abin da mai ziyara ke gani

Ana shiga ne ta ƙofar gabas, sai a bi wata doguwar hanya mai rufi da ke hawa sama tana lanƙwasa. An tsara ta haka ne domin maharin da ya kutsa ya kasa gudu, a same shi da kibiya ta kafofin bango. Ganuwa biyu ce ta kewaye sansanin, ta waje da ta ciki wadda ta fi tsayi. A kudu akwai gwalalo tsakaninsu, wanda ya zama ma'ajiyar ruwa.

A ciki akwai babban zaure mai baranda da aka ƙawata da sassaƙa, da ɗakunan ajiyar abinci, da coci wadda aka mayar masallaci bayan 1271. Mumbarinsa na nan har yanzu. Daga kan hasumiyoyi ana hango Wadin Nasara da duwatsun Labanon. Matakalan na da tsayi, wasu ɗakunan kuma da duhu, don haka ziyarar na buƙatar takalmi mai ƙwari da fitila.

Yaƙi da kiyayewa

Hukumar UNESCO ta sa sansanin cikin wuraren tarihi na duniya a 2006, tare da Ƙal'at Salahuddin. Kafin yaƙin basasar da ya ɓarke a 2011, yana cikin wuraren da baƙi suka fi zuwa a Siriya. 'Yan tawaye sun fake a cikinsa, luguden wuta ya lalata wasu sassa, kafin sojojin gwamnati su ƙwace shi a watan Maris na 2014. A 2013 UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da ke fuskantar haɗari. Daga baya an soma gyare-gyare, aka kuma sake buɗe shi ga masu yawon buɗe ido.