Ɗan Boko da Ɗan Lakwal: Yadda Ake Karatu a Najeriya da Nijar

Daga Katsina zuwa Maraɗi ba nisa. In ka bi ta Jibiya ka ƙetare Ɗan Isa, kafin zaman mota ya ishe ka ka iso. Tuwo ɗaya ake ci, ana auratayya, Hausar ma ɗaya ce in ban da ɗan bambancin kari. Amma da zarar an sa yaro makaranta, na nan da na can sun rabu ke nan, kowa ya kama hanyar da Ingila ko Faransa ta shata masa. Na daɗe ina koyarwa a firamare a ƙasar Katsina, 'ya'yan ƙanwata kuwa a Maraɗi suka yi lakwal, don haka na ga tsarin biyu da idona.

A Najeriya yaro yakan yi shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, sannan 4 a jami'a, tsarin da aka soma aiki da shi a 1982. Kafin ya taka jami'a sai ya samu kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, sannan ya sake zama jarrabawar JAMB. A Nijar ma firamare shekara 6 ce, daga ajin CI zuwa CM2, amma kwaleji shekara 4 ce, a rufe ta da jarrabawar BEPC, sai lise shekara 3, a zauna BAC. Wanda ya ci BAC ya sami mabuɗin jami'a, digirin farko kuma shekara 3 ne. In ka haɗa lissafi, kowanne shekara 16 ke nan.

Ainihin bambancin yana cikin aji. A Nijar bisa 20 ake ba da maki, kuma 10 ita ce iyaka. Na taɓa riƙe takardar sakamakon ɗan ƙanwata, matsakaicin makinsa ya tsaya ƙasa da 10, an rubuta da jan biro cewa zai maimaita aji. Ba roƙo, ba kamun ƙafa. Uwarsa ta yi kuka, shi kuma ya koma ya zauna da ƙannensa. A ajina kuwa na sha ganin yaron da bai iya rubuta sunansa ba an tura shi gaba, domin na baya sun taso, ajin ya cika har bakin ƙofa, ba inda za a ajiye shi. Ban ga wanda ya tsira ba a cikin biyun. Tsananin Nijar yana zubar da yara da yawa a hanya, musamman 'yan ƙauye da 'yan mata. Sassaucin Najeriya yana kai su ƙarshe, ya miƙa musu takardar da babu karatu a bayanta.

Wajen gudanarwa, kusan komai na Nijar daga Yamai yake fitowa, yayin da firamaren Najeriya ke hannun jihohi da ƙananan hukumomi, shi ya sa makarantar wannan jiha ba ta kama da ta waccan. Talauci dai ya haɗa su. Mafi yawan malaman firamaren Nijar 'yan kwantiragi ne masu ɗan abin hannu kaɗan, kuma har yanzu akwai azuzuwan zana. Mutanen Maraɗi ba za su manta da gobarar Nuwamba 2021 ba, wadda ta cinye irin waɗannan azuzuwa ta hallaka yara fiye da 20.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne harshe. Lokacin da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawan Kano a 1909, da Hausa aka soma koyarwa. Daga baya aka kafa hukumar talifi a Zariya, Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939. Faransawa kuwa ba su yarda harshen gida ya shiga aji ba, Faransanci ne tun ranar farko. Wannan bambanci ya sa Najeriya ta tara littattafai, Hausa ta zama darasin jarrabawa, ana digiri a kanta a Zariya da Kano da Sakkwato. Duk da haka manufar ilimi ta 1977, da ta ce a koyar da yaro da harshensa a shekarun farko na firamare, a takarda ta tsaya. Iyaye suna son jin ɗansu yana Turanci ko da bai san abin da yake faɗa ba, makarantun kuɗi kuma suna cin tarar mai Hausa.

Nijar ta gwada abin da mu muka yi ta faɗa da baki. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa, Faransanci ya biyo baya sannu a hankali. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban 'yan aji ɗaya ya san dalilin haka. Ka rubuta "kaza" a allo, yaro ya haɗa baƙaƙen, fuskarsa ta washe domin ya gane abin da ya karanta. In da baƙon harshe ne, aiki biyu ka ɗora masa lokaci guda, koyon karatu da koyon magana, sai ya koma hadda kamar aku. Amma gwajin bai game ƙasa ba, yawancin makarantu suka ci gaba da Faransancinsu.

A 2025 sabon kundin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama harsunan aiki. Na yi murna, amma doka ba ta shiga aji ta koyar. Ana bukatar littafin lissafi da na kimiyya da Hausa, da malamin da aka horar ya yi amfani da su, tare da kula da haƙƙin ɗan Zabarma da Barebari da Buzu da Bafillace, waɗanda su ma da nasu harshen ya kamata su fara. Masu digirin Hausa suna nan birjik a Arewa, da yawa ba su da aiki, ƙa'idar rubutun ƙasashen biyu kuma kusan ɗaya ce. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina suna iya haɗa malamansu su rubuta littattafan aji ɗaya zuwa uku tare, a buga, a raba wa makarantun ɓangarorin biyu.