Yini Ɗaya da Ƙaramin Yaro, Daga Fita Zuwa Kwanciya

Ke uwa, da kai maigida, wannan ɗan littafi naku ne ku biyu. Yara da yawa da ake kawo mana asibiti, ciwonsu a kan hanya ya fara, ko a bakin murhu, ko a ɗakin kwana. Ƙuna ce, zawo ne, zazzaɓin sauro ne. Galibinsu ana iya tare su tun a gida. Za mu bi yaro ɗan ƙasa da shekara 5 daga safe har dare, mu ga wuraren da yake bukatar idonku.

Kafin a fita

Kada yaro ya fita da yunwa. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi, ko a tsakiyar zafin bazara. Akwai ruwa isasshe a cikin nono. In kin ga yana jin ƙishi, ke ce za ki ƙara shan ruwa, ki ƙara ba shi mama. Daga wata 6 sai a fara kunu, a ci gaba da nono har shekara 2.

Cikin ɗan shekara ɗaya ƙarami ne, kusan kofi ɗaya yake ɗauka. In kin cika shi da tsararon kunu, ya ƙoshi amma bai ci komai ba. Ki dama mai kauri wanda zai zauna a cokali, ki sa gyaɗa niƙaƙƙiya, ko garin waken soya, ko garin busasshen kifi, ko ɗan manja. Daga wata 9 ya ci sau 3 ko 4 a yini, da ɗan abin taɓawa tsakani, kamar ayaba ko gwanda. Ki ba shi kwanonsa shi kaɗai, don a kwano ɗaya da yayyensa hannunsa ba ya da sauri. Zancen cewa ƙwai yana sa yaro sata kuwa, babu gaskiya a cikinsa. In kaza ta yi ƙwai uku, a dafa wa ƙaramin ɗaya kafin a kai sauran kasuwa.

A kan hanya

Ranar kasuwa, ranar Lahadi, ranar biki ko zuwa gona, yaro yana tare da ke, kuma haka ya kamata. Yaron da ke bayan uwarsa yana jin ɗuminta, yana ganin mutane, yana jin gaisuwa da ciniki, duk karatu ne a gare shi. Sai dai ki riƙa taɓa shi lokaci lokaci. Ki tabbata hancinsa bai nutse a bayanki ba, kuma majanyi ya tallafe wuyan jariri. Kada ki lulluɓe shi ruf da mayafi mai kauri cikin rana.

Babur ya sauƙaƙa tafiya, amma yana kawo mana raunuka iri biyu da muka gaji da gani. Ɗaya ƙunar salansa a ƙafar yaro wajen sauka. Ɗaya kuma ƙafa ko bakin zane ya shiga cikin taya. Ki tattare zanenki kafin a tashi, ki sauke yaro ta gefen da babu salansa, ki ce wa mai babur ya tafi a hankali. Kuɗinki za ki biya shi, kina da bakin magana.

Ki ɗauki ruwan shan yaro daga gida a gora mai murfi, da ɗan guntun sabulu. Abincin da ya daɗe a buɗe ƙuda na sauka, ko shinkafar biki da aka dafa tun safe ake rabawa da yamma, babba yana iya ci ya sha da ƙyar, ƙaramin yaro sai zawo. Gyaɗa guda-guda da alewa mai tauri kada a ba ɗan ƙasa da shekara 3, suna iya shaƙe shi.

In zawon ya zo, ki fara magani nan take. Ƙullin gishirin zawo, wanda ake kira SRO, a zuba shi duka a lita 1 na ruwa mai tsabta. In babu, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a lita 1. A ba shi kaɗan kaɗan, a ci gaba da nono da abinci. A asibiti za a ƙara masa ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. In akwai jini a kashin, ko idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, kada a jira gari ya waye.

Yaron da ke da zazzaɓi da ƙuraje da jan ido, a bar shi daga majami'a da gidan biki, a kawo shi asibiti, domin ƙyanda tana yaɗuwa da sauri cikin taro. Amma lafiyayyen yaro da ya yi kuka a lokacin sujada, kada uwarsa ta ji kunya. Ta ba shi mama a inda take zaune. Dattawan ikilisiya su taimaka da wannan, kada harara ta sa uwa ta daina zuwa.

Akwai fita guda da ba a fasawa, ita ce ranar awo da rigakafi. Ki riƙe katin yaro cikin leda don kada ya jiƙe. A nan Kamaru an fara ba jarirai rigakafin zazzaɓin sauro a watan Janairu 2024, sau 4 ake yi, ana farawa daga wata 6. Ki tambaya ko ya iso gundumarku. Yana rage tsananin ciwon, amma bai ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro ba. Ina roƙon abu ɗaya: kada ki tsorata yaro da cewa za ki kai shi a yi masa allura in ya yi ƙiwa. Ranar da ya kamu da ciwo na gaske, sai an danne shi kafin mu iya ko duba kunnensa.

Lokacin girki

Da yamma kowa ya gaji, uwa na tuƙa tuwo, mai rarrafe yana yawo. A wannan lokaci ne ake yawan ƙonewa. 'Yar shekara 6 tana iya wasa da ƙaninta, amma ba za ta iya tsare shi daga tukunya ba, ita ma yarinya ce. Kai maigida, ka ɗauki yaron a cinyarka har a sauke tukunya. Ba zai rage maka girma ba.

In ya ƙone, a zuba ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a kawo shi. Kada a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko toka, ko manja. Kananzir, maganin feshi da maganin ɓera kuwa, kada a zuba su a kwalbar lemo, a rataye su sama. Yaron da ya sha kananzir kada a sa shi amai, don yana iya shiga huhunsa. Bokiti mai ruwa ma a rufe shi ko a zubar. Yaro mai koyon tafiya kansa yana da nauyi, yana rinjayarsa, in ya faɗa ciki ba ya iya fitowa, ba kuma za a ji kukansa ba.

Hira da karatu kafin barci

Wannan sashe ba a cika ɗaukarsa zancen lafiya ba, alhali kuwa shi ne abincin ƙwaƙwalwa. A shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro take girma da sauri fiye da kowane lokaci, kuma da magana take girma. Jaririn da bai iya amsawa ba yana ji. Ki faɗa masa sunan abin da kike yi: ga ruwa, ga ƙafa, ga wata ya fito. In ya yi gwalantu, ki amsa masa, ki jira ya sake.

Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suke tara yara bayan tuwon dare a yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kacici-kacici. Yanzu a gidaje da yawa waya ta karɓi wurin kaka. Waya tana magana amma ba ta sauraron yaro, ba ta tambayarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini.

Ba sai kin iya karatu za ki buɗe wa yaro littafi ba. Ki ɗora shi a cinya, ki nuna hoto, ki tambaye shi: mene ne wannan? Ina akuya? Yaya take kuka? Kalandar bango ta isa, ko littafin makarantar yayansa, ko hotunan wannan ɗan littafi. In akwai ɗan makaranta a gidan, ya karanta wa ƙannensa, shi ma karatunsa zai ƙara ƙarfi. Wanda ke da Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin Nuhu da dabbobi, ko Musa cikin kwando, ko Yusufu da 'yan'uwansa, a taƙaice da bakinsa, yadda yaro zai gane. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da labaran annabawan nan. Yaro zai ce a maimaita labari ɗaya kullum. A maimaita masa, ta haka kalmomin suke zama. A ba shi da yaren gida, Hausa ne ko Fulatanci ko Gbaya. Faransanci yana jiransa a makaranta, kuma yaron da ya ƙware a yaren uwarsa ya fi saurin kama na biyu. Labarin dodo da mayu a bar wa manyan yara, ƙarami yana kwana da shi a rai.

A wajen hirar nan ne kuma za ki lura da abin da sai a natse ake gani. Yaron da ba ya waiwayowa in an kira shi ta baya, ko ya kai shekara 2 bai fara haɗa kalma biyu ba, ko kunnensa yana zubar da ruwa, a kawo shi a duba jinsa. Kada a tsaya ga cewa ubansa ma ya yi jinkirin magana.

Kwanciya

Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barci awa 11 zuwa 14 a dare da rana, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. In ana bin tsari ɗaya kowane dare, wanka, labari, addu'a, sai kwanciya, jikinsa zai saba. Jariri a kwantar da shi rigingine, babu tarin tsummoki kusa da fuskarsa. Gidan sauro mai magani a sake shi tun magariba, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa, a ɗinke inda ya yage, rani da damina. Lokacin hunturu a ƙara masa riga da hula. Kada a shiga da garwashin gawayi ɗaki a rufe ƙofa, iskarsa tana kisa ba tare da wari ba. Fitsarin kwance kafin shekara 5 ba laifi ba ne, duka ba ya tsayar da shi.

Kafin ki kwanta, ki taɓa jikinsa. In yana tari, ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. Sau 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata 2 ba, sau 50 daga wata 2 zuwa shekara 1, sau 40 daga shekara 1 zuwa 5, numfashi ya yi sauri, yana iya zama ciwon huhu. In ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki, ko yana jijjiga, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko an kasa tashinsa, ki ta da maigida a nemi abin hawa a daren. Ku taho da katinsa da duk maganin da aka riga aka ba shi.