Fashin Teku: Abin da Ake Faɗa da Abin da Doka Ta Tanada

Duk ranar da aka ji cewa 'yan bindiga sun tare jirgin dakon kaya a gaɓar Somaliya ko a Mashigin Tekun Gini, sai zantuka su ɓarke. Wani ya ce teku ba shi da mai shi, wani ya ce ai ko an kama su sakin su ake yi. Maganar ta shafe mu ko da ba mu taɓa ganin teku ba, domin atamfa da taki da kayan gyaran mota da ake saukewa a Kano da Maraɗi ta Legas da Kwatano da Lome suke shigowa. Idan hanyar ta yi haɗari, kuɗin inshora ya tashi, mai saye a kasuwa shi ke biya. Ga shida daga cikin zantukan, da matsayin kowanne.

Wai babu doka a tsakiyar teku

Ba gaskiya ba ne. A 1982 aka sanya hannu kan Yarjejeniyar Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Montego Bay ta ƙasar Jamaika, ta kuma fara aiki a 1994. A ƙa'ida, jirgin da ke tsakiyar teku yana ƙarƙashin dokar ƙasar da yake ɗauke da tutarta. Amma sashe na 105 ya cire ɗan fashi daga wannan kariya: kowace ƙasa tana iya kama shi, kotunanta kuma su hukunta shi, ko da shi da jirgin da ya tare da mutanen ciki duk ba nata ba ne. Sharaɗin shi ne jirgin yaƙi ko jirgin da gwamnati ta ba izini ya yi kamun. A Maris 2024 sojojin ruwan Indiya sun ƙwato jirgin Ruen mai tutar Malta, suka kwashi 'yan Somaliya 35 zuwa Mumbai don fuskantar shari'a.

Wai duk harin da aka kai wa jirgi fashin teku ne

A bakin jama'a haka ne, a doka kuwa da sauran magana. Sashe na 101 ya gindaya sharuɗɗa: a kai harin don biyan buƙatar kai, a taso daga wani jirgin a auka wa wani, sannan abin ya faru a wajen ruwan da ke ƙarƙashin ikon wata ƙasa. Ruwan ƙasa yana kaiwa mil 12 na teku daga gaɓa, wato kimanin kilomita 22. Abin da ya faru a cikinsa fashi da makami ne, kuma ƙasar da ke da ruwan ita kaɗai ke da hurumi.

Wannan layi ba abin wasa ba ne. Jirgin yaƙin da ya koro 'yan fashi dole ya tsaya idan suka faɗa ruwan wata ƙasa, kamar mai bin ɓarawo da ya iso ƙofar gidan da ba nasa ba. Shi ya sa a Yuni 2008 sai da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1816 kafin jiragen waje su shiga ruwan Somaliya, shi ma da yardar gwamnatin riƙon ƙwarya ta lokacin.

Sharaɗin jirage biyu ma ya taɓa barin giɓi. A 1985 wasu Falasɗinawa 'yan gwagwarmaya sun shiga jirgin Italiya mai suna Achille Lauro a matsayin fasinjoji, suka karɓe shi daga ciki, suka kashe wani fasinja Ba'amurke. Babu jirgi na biyu, manufar kuma ta siyasa ce. Don toshe wannan kafa aka ƙulla yarjejeniyar Roma ta 1988, wadda ta haramta ƙwace jirgi ko ma mene ne dalili.

Wai kotun duniya ce ke hukunta su

Babu irin wannan kotu. Kotun manyan laifuka ta Hague huruminta ya tsaya kan kisan ƙare dangi, laifukan yaƙi, cin zarafin bil'adama da mamaye wata ƙasa. Kotun dokar teku ta Hamburg kuma rigimar ƙasashe take warwarewa, ba ta ɗaure kowa. Ɗan fashi a kotun wata ƙasa yake tsayawa. Abduwali Muse, wanda ya tsira cikin waɗanda suka tare jirgin Maersk Alabama a 2009, a New York aka yanke masa shekara 33 da wata 9.

Wai ana kama su ana sakin su

Wannan kam akwai gaskiya mai ɗaci a cikinsa. A 2011 Jack Lang, mai ba Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya shawara kan lamarin, ya bayyana cewa kusan tara cikin goma na waɗanda aka kama a gaɓar Somaliya ba sa ganin alƙali. Da sun hango jirgin yaƙi sai su watsa bindigogi da tsani cikin ruwa, su ce su masunta ne. Matuƙan da za su ba da shaida sun riga sun wuce wata nahiya. Ƙasashe da dama kuma ba su rubuta laifin a kundin dokokinsu ba, yarjejeniyar kuwa izinin hukuntawa ta bayar, ba ta tilasta ba.

A Nuwamba 2021 sojojin jirgin yaƙin Denmark, Esbern Snare, sun yi musayar wuta da wasu mutane a kudu da gaɓar Najeriya, suka kashe huɗu, suka kama huɗu. Aka yi ta neman ƙasar yankin da za ta karɓe su, ba a samu ba. A Janairu 2022 aka ɗora uku a ƙaramin kwale-kwale, aka ba su abinci da mai, aka sallame su. Na huɗun, wanda aka yanke wa ƙafa saboda rauni, shi aka kai Denmark gaban kotu.

Amma ba a nan labarin ya tsaya ba. Kenya da Seychelles sun yi wa 'yan Somaliya masu yawa shari'a. Najeriya ta kafa dokar yaƙi da fashin teku a 2019, kuma a Yuli 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ɗaure mutum 10 shekara 12 kowanne saboda ƙwace jirgin kamun kifi na 'yan China.

Wai duk wanda ya gan su zai iya harbewa

A'a. Kare kai halak ne idan an kawo hari, amma zato ba hujja ba ne. A Fabrairu 2012 sojojin Italiya biyu da ke gadin jirgin dakon mai Enrica Lexie sun buɗe wuta kan wani jirgi a gaɓar Kerala bisa zaton 'yan fashi ne. Masunta biyu 'yan Indiya suka mutu. Sai a 2020 kotun sasanci ta yanke cewa Indiya ta cancanci diyya, shari'ar sojojin kuma ta Italiya ce.

Wai masunta ne da ke kare tekunsu

Farkon zancen gaskiya ne. Bayan rushewar gwamnatin Siad Barre a 1991, jiragen waje sun yi ta kwasar kifin Somaliya ba bisa ƙa'ida ba, kuma wannan zalunci ne. Sai dai sana'ar da ta biyo baya ba ruwanta da kifi. A 2005 an riƙe jirgin Semlow fiye da wata uku, alhali shinkafar agaji yake kai wa 'yan Somaliya. Binciken Bankin Duniya da abokan aikinsa ya ƙiyasta kuɗin fansar da aka biya daga 2005 zuwa 2012 tsakanin dala miliyan 339 da 413. Garkuwa da mutane ce, kuma waɗanda ake tsarewa ma'aikata ne masu neman abincin iyalansu. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya, 130 a Mashigin Gini aka ɗauke su.

Doka ta buɗe wa kowace ƙasa ƙofar kamawa da hukuntawa. Abin da ke kawo cikas yana kan tudu: majalisar da ba ta rubuta laifin ba, kotun da ba a shirya ba, da masu kuɗin da ke sayen kwale-kwale da makamai suna zaune a gari ba wanda ya taɓa su. Ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya sun yi alƙawarin haɗa kai a Yawunde a 2013. Tambayar da ya kamata mu riƙa yi wa gwamnatocinsu ita ce mutum nawa aka gurfanar, kuma iyayen gidansu nawa ne a ciki.